Suwaitar Malam Barau

Gumel, 20 ga Oktoba, 1975

Zuwa ga 'yata Dije,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fatan kin koma Maigatari lafiya, kin sami mai gidanki Bilya lafiya.

Na ga takardarki. Kin rubuta "takaba" da babban baƙi a tsakiyar jimla, kuma ba ki ja layi a gefe ba. Ba haka na koya miki ba. Makoki ba ya zama hujjar ƙazamin rubutu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne suwaitar mahaifinki. Kin san ta: mai ruwan toka, mai buɗaɗɗen gaba, wadda na yi wa tufka irin ta igiya daga kafaɗa zuwa ƙugu. Wata biyar ina saƙa ta don ya sa da sanyin bana, saboda tarin nan nasa. Saura hannun hagu kawai Allah ya yi masa rasuwa. Na naɗe ta da alluranta a jiki na sa a kwando a ƙarƙashin gado. Jiya na ce bari in ƙarasa ta, tun da zaman takaba ya ɗaure ni a ɗaki har watan Janairu. Na jawo kwando, babu ita.

Mutum uku ne suka kwana a ɗakina da makoki: ke, da ni, da gwaggonki Hajjo ta Gagarawa. Ba na zargin kowa sai da shaida, amma na iya lissafi. Ki sa Bilya ya biya ta Gagarawa ya buɗe ido.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki rage yawan dariya a gidan mutane.

Haza wasalam. Ni ce mahaifiyarki,
Lauratu

*

Maigatari, 31 ga Oktoba, 1975

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙan Baba.

Inna, don Allah ki zauna kafin ki karanta. Suwaita tana wurin Gwaggo Hajjo. Ba ɓoye ta take yi ba ma. An buɗe ajin matan aure a Gagarawa, ana neman malamar saƙa, sai ta tafi da ita gaban malamar da ke zuwa daga Kano duba azuzuwan, da alluran a jiki, ta ce aikinta ne ba ta gama ba. An ce matar ta juya ta ciki da bai, ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan tufka a ƙasar nan ba. Nan take aka ba Gwaggo aikin. Yanzu Malama Hajjo ake ce mata, har ta sayi tabarau.

Bilya ya kai maganar wurin Bappa Ɗantsoho a Ɗanzomo, tun da shi ne babba a dangin Baba. Bappa ya ce Baba ne ya sayi ulun a kasuwar nan tamu wajen mutanen Damagaram, da kuɗinsa, kuma an san rigarsa ce, don haka tana cikin kayan gado. Tun da Baba bai bar ɗa namiji ba, 'yan'uwansa suna da rabo, kuma zai sa ta a kason Gwaggo, magana ta mutu.

Inna, ki bar wa Allah. Kin san Gwaggo tun da mijinta ya kwanta jinya ita ke riƙe da gida.

'Yarki mai biyayya,
Dije

*

Gumel, 4 ga Nuwamba, 1975

Dije,

Bayan gaisuwa. Na karanta a tsaye.

Wato ina zaune a kan tabarma, ba kwalli ba turare, ina jan carbi saboda yayanta, ita kuwa hannunta yana ƙarƙashin gadona. Ta san mai takaba ba ta hawa mota ta je ta ƙaryata ta. Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba. Talauci ba ya sa mutum ƙarya, rashin tarbiyya ne ke sa shi. Da ta roƙe ni da na koya mata.

Shekara biyar na yi a makarantar 'yan mata a Kano. Baturiyar da ta koya mana wannan tufka sau tara ta sa na warware kafin ta gyaɗa kai. Hajjo kuwa abin da ta iya shi ne hular jarirai, ita ma a karkace.

Bari in gaya miki kuskurenta. Tufka ba ta yiwuwa da allura biyu. Akwai ta uku, gajera, wadda ake zare ido huɗu na saƙa a kanta a ajiye su gaba, a saƙa na bayansu, sannan a komo kansu, sai igiyar ta murɗe. Tawa ta ƙarfe ta ɓace tun kina goye, mahaifinki ya feƙe mini wata da icen aduwa. Tana cikin kwandon. Hajjo ta gan ta, ta ɗauka tsinken sakace ne, ta bar ta.

Ba zan aika wa kowa ba. Zan zauna. Za ta zo da ƙafarta.

Ki daina ce mini in bar wa Allah, kamar ke kika fara sanin Sa.

Mahaifiyarki,
Lauratu

*

Gagarawa, 24 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga matar Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, da ƙarin ta'aziyyar abin da ya same mu baki ɗaya. Ki gafarci rubutuna, ni ajin yaƙi da jahilci na yi, ba irin naku ba.

Yaya Lauratu, ai mu ɗaya ne. Rigar nan na ɗauko ta ne don in riƙa jin ƙanshin Yaya, sauran abin kuma Allah ne ya kawo. To ga shi malamar Kano za ta dawo ran Litinin, takwas ga Disamba, ta ce tana so ta ga hannun hagu a gama. Na gwada, wallahi na gwada. In na saƙa sai ya tafi shimfiɗe kamar tabarma, igiyar ta ƙi fitowa. Har na kai wa wata mai kitso ta duba, ta ce ita gashi ta sani.

Ki rufa mini asiri ki ƙarasa, ai kwana uku ne a wurinki. Dogo direba zai kawo miki ita tare da ƙwaryar riɗi. Ba wanda zai ji. Na yi wa Dije alkawari in an gama dubawa rigar tata ce, ta riƙa tunawa da ubanta.

Taki har kullum,
Malama Hajjo

*

Maigatari, 27 ga Nuwamba, 1975

Inna,

Gaisuwa irin ta 'ya da uwa. Gwaggo ta zo har gida ta yi kuka. Ni dai ba ruwana da wanda aka ce ya saƙa. Rawanin Baba da rigunansa duk an kai Ɗanzomo, ban sami ko hula ba. Suwaitar nan ita ce abin da ya rage wanda aka auna a jikinsa. Ki ƙarasa ta saboda ni, Inna, ba saboda ita ba. Ban taɓa roƙonki wani abu ba tun da aka kai ni ɗaki.

Ranar dubawar zan je Gagarawa in karɓo ta da hannuna.

Na ja layi a gefe, ki duba.

'Yarki,
Dije

*

Gumel, 29 ga Nuwamba, 1975

Hajjo,

Na amsa gaisuwa. Dogo ya kawo saƙo. Na mayar da riɗin, ba na cin sa.

Ran Litinin da safe motar farko za ta kawo miki haƙƙinki cif, ba ragi ba ƙari. Ban taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Lauratu

*

Gumel, 7 ga Disamba, 1975
(A cikin ƙunshi)

Zuwa ga Malama Hajjo, malamar saƙa,

Bayan gaisuwa. Yayanku Ɗantsoho ya yanke hukunci cewa marigayi ne ya sayi ulu, don haka na magada ne. Na yarda, gaskiya ya faɗa. Ga shi nan, curi goma sha huɗu, da maɓallai shida a ƙulle a gefen ƙyalle, da allurai biyu. Ki ƙirga a gaban shaidu.

Saƙar kuwa ba a saye ta a kasuwar Maigatari ba. Daga yatsuna ta fito, kuma ban kai ga miƙa masa ita ba Allah ya karɓe shi. Tawa ce, na ɗauke abata.

Tun da ke kika saƙa ta farko, ta biyu ba za ta ba ki wuya ba. Za ki ga ulun ya yi lanƙwasa-lanƙwasa. Haka yake yi idan an warware, sai an jiƙa shi an shanya yake miƙewa. Wannan darasi na ba ki kyauta.

Ki ji tsoron Allah.

Lauratu, matar marigayi Malam Barau

*

Maigatari, 10 ga Disamba, 1975

Inna,

Ina gaisuwa.

Na san kina jiran labari, ga shi. Motar Dogo ta makara. Mata ashirin da wani abu suna zaune, malamar Kano tana ta duban agogo, Gwaggo tana leƙen hanya. Da ƙunshin ya iso ta ce, "Yauwa, ga ta nan, wanki na kai ta!" Ta kwance a kan tebur a gaban kowa. Curin ulu suka gangaro, ɗaya ya bi ta ƙarƙashin benci har bakin ƙofa. Wata tsohuwa ta ce, "Malama, wane irin sabulu ne wannan?" Aka fashe da dariya.

Malamar ta ɗauki takardarki ta karanta. Sai ta miƙa wa Gwaggo alluran ta ce, "Yi mini layi biyu na tufkar." Gwaggo ta karɓa ta riƙe su. Da matar ta tambaye ta ina allura ta uku, sai ta ce, "Ai hannu biyu gare ni."

An sallame ta. Ta bar tabaraunta a kan tebur, ni na bi ta da shi. An ce malamar ta tambayi ranar da za ki fita takaba.

Kin yi nasara, Inna. Ni kuma na hau mota na dawo da jakata yadda na tafi da ita. Na tsinci curin da ya gangara bakin ƙofa, Gwaggo ta ce in riƙe. Na shinshina, ba ya ƙanshin kowa.

Kada ki sa ran zuwana da Babbar Salla.

Dije

*

Gumel, 12 ga Disamba, 1975

'Yata Dije,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Ban yi nadama ba, kada ki jira in ce na yi.

Wuni guda na yi ina warwarewa. Da na zo kafaɗar dama, inda na auna a jikinsa yana ce mini zan shaƙe shi, na ajiye na yi alwala. Sannan na dawo na ƙarasa.

Ga allurar aduwa a cikin ambulan. Ita ya ba ni hannu da hannu, ba ta cikin gadon kowa. Curi ɗaya zai isa koyo. Ki jiƙa shi ki shanya a inuwa. In kin ga dama ki zo da su, ina nan a ɗaki har Janairu.

Mahaifiyarki,
Lauratu