Gidan Mutum Shida, Mu Kuwa Tara

Zuwa ga mahaifiyata, Iya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke durƙusawa ta yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Ni ce Falmata. Na san ba a kai wasiƙa inda kike, amma akwai labarin da ya cika min ciki, kuma duk wanda na fara ba shi sai in ga ba shi ne ya kamata ya fara ji ba. Shi ya sa na rubuto miki, masu leƙe kuma su leƙa.

Shekara uku ke nan da rasuwarki, kuma shekara uku ke nan Baba bai yi wa ɗanki Modu magana ba in ban da amsa sallama. Kin tuna lokacin da kike kwance takardun zamansa a Faransa suna hannun hukuma, in ya fito ba zai iya komawa ba. Ke kin fahimta, har kin ce a gaya masa ya yi zamansa. Baba bai fahimta ba. Ranar sadakar bakwai, Mama Nkechi, 'yar Igbon nan da ta daɗe tana sarin kifi a hannunki, ta taso tun daga Onitsha ta zo ta zauna a tabarma tana kuka. Da ta tafi Baba ya ce, “Mace ta keta ƙasa ta zo, ɗan cikinta bai zo ba.” Tun daga ranar, in Modu ya kira sai Baba ya ce lafiya lau, ya miƙo min wayar.

Da takardun suka fito Modu ya ce zai zo gida. Baba ya ce wadda zai zo gani ba ta nan. Bana sai Modu ya sake dabara, ya ce mu ne za mu je can a hutun makaranta, a kama gida a ƙauye na mako biyu, ko Baba zai ga jikokinsa mata biyu da bai taɓa ɗauka ba. Ya ce ni zan zaɓi gidan, tunda ni ce malamar Faransanci kuma ni na san halin tsohon. Sai an sami gida ma za a nemi biza, don dole a nuna inda za a sauka. Ya ɗora min kaya ya koma gefe, kin san halinsa tun yana yaro.

Iya, da kin ga gidajen da suke sakawa a intanet. Kowanne an ɗauki hotonsa da hantsi, furanni sun rufe taga, gado kamar ba a taɓa kwana a kai ba. Wannan yana alfahari da wurin wanka a tsakar gida, wancan da ɗakin ajiye giya a ƙarƙashin ƙasa, sai ka ce abin da zai kai mu ke nan. Kwana huɗu ina dubawa idona na yaji, duk wanda na buɗe sai in ce shi ne.

Sai na tuno ki a rumfarki ta Baga Road, ranar da motar Tafki ta sauke kaya. Dillali ya buɗe kwali, manyan tarwaɗa a jere a sama suna sheƙi. Ba ki ko kalle su ba. Kika naɗe hannun riga kika zura hannu har gwiwar hannu, kika zaro na can ƙasa, kika karya, kika sansana. Kika ce min, “Na sama na mai sayarwa ne. Naki yana ƙasa.” Ina 'yar shekara goma, warin banda ya ishe ni, burina kawai a tashi a tafi gida. Ashe karatu kike ba ni.

Sai na daina kallon hotuna, na gangara can ƙasan shafi inda waɗanda suka taɓa sauka ke rubuta abin da suka gani. Nan na ga gaskiya. Gidan da ya fi burge ni ashe duk ɗakunan kwanansa a bene suke, matakalar kuma ta katako ce mai tsayi, ga gwiwar Baba kin santa. Wani maigidan yana da karnuka biyu masu shiga har kicin. Wani kuma daga shi sai daji, in gishiri ya ƙare sai an yi tafiya mai nisa a mota. Na yi ta watsar da su ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗi kamar ke ce ke tsaye a kaina.

Kin tuna da za mu kama gidanmu na Shehuri? Baba yana ciki yana ƙwanƙwasa bango yana duba azara, ke kuma kin tsallaka maƙwabta kin yi sallama, an shimfiɗa miki tabarma kin sha ruwa. Kika fito kika ce mu kama, matar ta tashi tsaye da za ta gaishe ki. Ba ki ma ga ɗakunan ba sai ranar tarewa. Har yau da jikokin matar nan muke aikin biki.

Don haka duk gidan da ya rage sai in buɗe taswira a waya in leƙa abin da ke kewaye da shi. Da haka na samu wani a ƙaramin ƙauye can kudancin ƙasar. Gidan dutse ne, ba shi da wani ado. Akwai ɗaki a ƙasa da banɗaki kusa da shi, ga babbar bishiya a tsakar gida, ga mai gasa burodi a bakin titi. Katanga ɗaya ce ta raba shi da gonar wani maƙwabci.

Ban ce wa Baba ga inda za mu je ba, don na san amsar. Da la'asar yana zaune ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida na kai masa wayar, na ce ya taya ni duba wata gona, na kasa gane abin da aka shuka. Kin san tun da hanyar Tafki ta lalace ya daina zuwa gonarsa, shekaru ke nan bai taka kunya ba. Ya sa tabarau, ya kai wayar dab da hanci. Ya ce albasa ce, wancan kuma wake, amma mai gonar ya cika matse shuka. Ya yi ta faɗa da mutumin da bai sani ba har aka kira magariba. Washegari da kansa ya ce in kawo hoton nan. Ashe ya riga ya ji zancen tafiyar, ya kuma gane inda gonar take. Rana ta uku ya ce, “To in an je, nan za a sauka?” Iya, sai da na shiga ɗaki na yi sujada.

Yanzu ga inda 'yarki malama ta yi abin kunya. A shafin an rubuta gidan na mutum shida ne. Na gani sarai. Mu kuwa tara ne: Baba, ni da surukinki da 'yan matanmu biyu, Modu da matarsa da nasu biyun. Amma ni a gidanki na tashi. A ɗakinki na Shehuri na ga mata goma sha sun kwana lokacin biki, na ga fataken kifi sun cika zaure, ban taɓa jin an ƙirga baƙo da gado ba. Sai na ɗauka gadaje ne shida, yara a shimfiɗa musu a ƙasa, magana ta ƙare. Har na sa tabarmi biyu a lissafin kayan tafiya.

Da na gaya wa Modu sai ya ce, “Yaya, a nan shida shida ne.” Ya ce ƙa'ida ce, in wani abu ya faru a gidan da mutum tara a ciki, mai gidan ce za ta shiga uku. Ya ce in nemi wani mai girma. Na nema. Na kai wa Baba hotuna biyar, kowanne ya fi na farko kyau. Ya ture wayar ya ce shi ba yawon ganin gine-gine zai je ba, in babu wancan a bar maganar.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi niyyar yin ƙarya. Na ce a raina in rubuta shida, ranar shiga yara uku su zauna a mota har matar ta ba da makulli ta tafi. Wa zai zo ya ƙirga? Kwana biyu ina juya abin, har na cike fom ɗin na bar yatsa a kan wurin turawa.

Abin da ya hana ni shi ne ranar nan da Mama Nkechi ta gama ciniki har an fara ɗaure kaya, kika ce a dakata. Kika sa aka zazzage kwali ɗaya a kan buhu, kika nuna mata inda ƙwaro ya taɓa na ƙasa. Ita ba ta gani ba, kuma da sai ta isa Onitsha za ta gani. Masu rumfar kusa suna ta yi miki dariya. Kika ce, “Gara ta ji daga bakina.” Ban taɓa ganin mace mai kwarjini irin naki na ranar nan ba, da zanenki mai warin hayaƙi da komai.

Na goge fom ɗin na kira mai gidan. Tsohuwa ce, malamar makaranta da ta yi ritaya. Na fara da gaisuwa irin tamu, na tambayi lafiyarta, da iyali, da maƙwabta, da yadda damina ta yi musu. Baiwar Allah ta rikice, ta ce ko mun san juna ne. Na ce a'a, haka muke yi a Maiduguri. Sannan na zazzage mata kwalin gaba ɗaya. Na ce mu tara ne. Na gaya mata zancen tabarmi, ta yi dariya har da tari. Na gaya mata zancen Baba da Modu da gonar albasa, a nan kuma ba ta yi dariya ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta ji, amma ba za ta iya ba, shida ne.

Na yi mata godiya na kashe wayar, na zauna na yi kuka mai isata. Har da ke na yi wa fushi, na ce ga inda gaskiyarki ta kai ni.

Bayan kwana biyu ina cikin aji sai ga kiranta. Ta ce ta tsallaka wajen mai gonar, ta ba shi labarinmu. Shi ma tsoho ne, matarsa ta rasu, yana da wani ɗan sashe a bakin gonar da yake saukar da baƙi jefi-jefi, gado uku ne a ciki, duk a ƙasa. Ta ce ya yarda, amma yana so ya san wane ne wannan da ya ce ya matse shuka. Ashe har wannan na faɗa mata cikin ruɗewa.

Kin ga yadda abin ya zauna, Iya. Mata da yara shida a babban gida, maza uku a bakin gona. Na sha wahala na zagaya duniya na dawo kan tsarin gidanki, sashen maza daban, na mata daban.

Mun je. A filin jirgi Modu ya durƙusa har ƙasa, Baba ya ce masa wushe, sannu, ya wuce ya ɗauki jikokinsa. Na kai wa tsohuwar turaren wuta irin haɗinki, ta ce in dai zan kunna to a tsakar gida, don akwai na'ura a silin mai ihu in ta ji hayaƙi. Baba da mai gona kuwa kafin yamma sun tsuguna a kan kunya ɗaya, wannan na Kanuri wancan na Faransanci, kowa na nuna wa ɗan'uwansa kuskurensa da hannu.

Kwana uku Baba da Modu suna ɗaki ɗaya. Modu ne ke cika masa buta, shi ke ɗaura masa takalmi, shi ke tayar da shi daga tabarmar salla. Baba yana karɓa yana shiru. Surukinki, Allah ya yi masa albarka, kullum da an idar da asuba sai ya ce zai je sayen burodi, ya yi ta yawo a ƙauyen har rana ta fito.

Rana ta huɗu na dafa shayi na ɗauka zan kai musu. Da na zo bakin katanga sai na hango Baba da Modu a kan benci suna fuskantar gona, na tsaya. Baba ne ke magana. Yana gaya masa waɗanda suka yi miki wanka, da wanda ya ja salla, da yadda mutanen Baga Road suka rufe rumfuna suka biyo gawa, da wajen da aka sa ki, da bishiyar da ke kusa. Dalla-dalla, bai tsallake komai ba. Modu ya sunkuyar da kai yana kuka.

Da Baba ya gama sai ya juyo, ya kama hannun Modu da hannu biyu, yadda ake yi a zaman makoki. Ya ce, “Modu, ya haƙuri? Uwarka ta rasu. Kowa ya yi min gaisuwa, ni ban yi maka ba.”

Shayin ya huce a hannuna. Na koma na sake dafa wani.

Allah ya jiƙan ki, Iya. Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya ba ki maƙwabta nagari a can. Allah ya saka miki da Aljanna Firdausi saboda abin da kika koya mana ba tare da kin taɓa zaunar da mu kin ce yau karatu za a yi ba. Ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar shi da ɗansa. Modu zai zo gida da ƙaramar salla, Baba ya ce shi da kansa zai kawo shi wajenki.

Taki har kullum,
Falmata
Shehuri, Maiduguri