Yatsuna Sun Daina Ji

Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya kike, ya jikin Mama da gwiwar nan tata? Ya maigidanki da yara? Mu nan lafiya, sai kewarki. Baban yara ya ce in gaya miki, tun da kika tafi ba a ƙara yi masa faɗa kan barin takalmi a bakin ƙofa ba, har ya fara ramewa.

Albishirinki. Sakamakon hoto ya fito, likita ya ce babu sauran alamar dajin a hanjina. Wata huɗu ke nan da gama kemo, maganin dajin nan da ake sa mini ta ruwa. Ki gaya wa Mama ta kwantar da hankalinta. Wata shidan da kika yi kina riƙe mini roba ina amai kuwa, Allah ne kaɗai zai biya ki.

Ranar Litinin zan koma aiki a ɗakin yara na asibitinmu. Abokan aiki har sun fara bugo waya suna cewa Sau-ɗaya za ta dawo. Kin san sunan da suka laƙa mini, don shekara goma sha tara ina sa wa jarirai kanular ƙarin ruwa, da wuya in soki yaro sau biyu.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa da suka rage. Tafin ƙafata kullum kamar na taka auduga. Shekaranjiya na dawo daga kasuwa da silifas ƙafa ɗaya, ban san inda ɗayan ya fita ba sai da mai gadin layinmu ya nuna mini. Na yi dariya har da hawaye. Yatsuna ma suna yi mini yam-yam, maɓallin riga sai na duba madubi. Ciki kuma ba shi da alƙawari, shi ya sa ba na karyawa in zan fita, kuma duk wani banɗaki da ke tsakanin gidanmu da asibiti na san shi. Likita ya ce maganin ne ya taɓa jijiyoyin ji, a hankali zai sake ni.

Ki yi haƙuri da rubutun, alƙalamin ne yake zille mini. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Mama da duk mutanen gida. Wasiƙunki biyu sun iso, na karanta faɗan da kika yi mini na shirun wata uku, kuma ina da laifi. Na rasa ta inda zan fara ne.

Akwai abin da na ɓoye miki a waccan wasiƙar. Kwana biyu kafin in rubuta ta, na sa Baban yara ya miƙo hannunsa. Na ɗaure masa damtse da roba, na rufe ido, na shiga laluben jijiya. Kin san hannunsa, jijiyoyi ruɗu-ruɗu kamar igiyar shanya, makaho ma zai same su. Yaya, ban ji komai ba. Kamar ina shafa katifa. Ya ce mini, "Ga ta nan, kin taɓa ta, kin ga ai kin samu." Na buɗe ido, sai na ga shi ne yake ta murɗa hannun yana kawo jijiyar ƙarƙashin yatsana. Ban ce masa na gani ba.

Duk da haka da shugabarmu ta tambaye ni ko akwai abin da ba zan iya ba, na ce mata garau nake. Na yi ta dabara. Yaron da jijiyarsa ke bayyane sai in yi da ido. Wanda tasa ta ɓuya sai in ƙirƙiri wani aiki, in tura Doguwa, ƙawata da muka fara aiki tare. Haka na yi ta yi har mako bakwai.

Ranar wata Laraba da hantsi aka kawo wata jaririya 'yar wata bakwai, gudawa ta tsotse ta, ido ya faɗa, ko kuka ba ta iya yi sosai. Irin waɗannan ba a ganin jijiyarsu, da yatsa ake jin ta. Uwar ta shigo tana tambayar wace ce Sau-ɗaya, wai maƙwabciyarta ce ta ce kada ta yarda kowa ya taɓa yarinyar sai ni. Doguwa tana can wani gado. Da na kira ta, da shi ke nan. Amma matar nan ta kalle ni yadda aka daɗe ba a kalle ni ba, ba kallon mara lafiya ba, sai na sa safar hannu.

Na soki bayan hannun dama, ban samu ba. Na koma na hagu. Na koma ƙafa, sannan ɗaya ƙafar. Sau huɗu, Yaya. Uwar tana riƙe da kan 'yarta tana cewa, "Yi haƙuri, ta iya, yanzu za a gama." Ana cikin haka cikina ya murɗa irin murɗawar da ba ta jira. Na ajiye allura na fita da sauri, ban ma kai banɗakin ba. Ina tsaye ina wanke farin kayana a famfo na jiyo ana ƙwala wa likita kira.

Yarinyar ta rayu, alhamdulillahi. Sai a fatar kanta suka samu jijiya, bayan na ɓata musu wurare huɗu da kusan minti ashirin. Da na dawo sanye da rigar aro, uwar ba ta zage ni ba. Ta dai jawo zane ta rufe ƙafar yarinyar da na matso kusa da gadon.

Washegari na je na faɗa wa shugabarmu gaskiya tun daga farko. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Da a ce wata ce ta yi haka a gabanki, me za ki yi mata?" Na ce zan cire ta daga ɗakin. Ta ce to.

Yanzu ina teburin bakin ƙofa, ina rubuta sunayen masu shigowa da nauyinsu. Ki yi mini addu'a. Ki gaida Mama, ki ce aiki ne ya yi yawa.

Taki,
Auta


Ranar Talata

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙoƙari da Mama? Na ji daɗi da kika ce tana iya zagaya tsakar gida da sanda. Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in daure, yau da gobe sai Allah, yatsun za su dawo. Ni ma haka nake ta faɗa wa kaina. Makon jiya aka yi mini gwajin jijiyoyin ji, aka manna mini wayoyi a hannu da ƙafa. Likitan ya daɗe yana kallon takarda, sannan ya ce yau shekara ɗaya da rabi da gama magani, abin da bai dawo ba zuwa yanzu, zai fi kyau in koyi zama da shi. Ya ƙara mini ƙwayoyin rage zafin ƙafa. Suna rage shi, amma suna barina kamar wadda aka tasa daga barci. Ko a teburin nan sai in riƙe alƙalami in manta abin da uwa ta faɗa mini yanzun nan, in sake tambaya, ta sake faɗa tana kallon na bayanta.

Shugabarmu ta so ta taimake ni. Ta ce tunda hannu ya ƙi, in riƙa koya wa ɗalibai da baki. Na yi murna, har na goge kayana tun jajibiri. Suka kewaye ni su goma sha biyu, ɗaya ta tambaya yaya ake bambance jijiya da tsoka a hannun jariri. Na ce jijiya tana da ɗan laushi, tana ɗan turo yatsa. Suka rubuta. Duk abin da na sani bai wuce layi biyu a littafinsu ba, sauran a yatsa yake, ya tafi tare da shi. Ban koma ajin ba. Jiya na miƙa takardar ajiye aiki.

A gida kowa yana ƙoƙari. Baban yara ya sauya mini duk kofuna zuwa na roba. Shi yake taɓa mini ruwan wanka, tun ranar da na ƙone ƙafa ban sani ba sai da na ga fatar ta tashi. In na soma magana sai ya ce in gode wa Allah, wasu da muka sha magani tare suna ƙasa. Gaskiya ya faɗa, kuma wallahi ina godewa. Cikin mu biyar da muke jere a kujerun nan ana sa mana ruwa, mu biyu muka rage. To da wane baki zan ce yatsa na damuna? Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata mai zuwa za a sake yi mini hoto. Da, in lokacin ya matso ba na iya cin abinci don fargaba. Wannan karon na duba zuciyata, ban tarar da tsoro ba, ban kuma tarar da fata ba. Har na kama kaina ina tunanin in aka ce ya dawo, aƙalla mutane za su daina yi mini barka. Na yi istigfari. Ke kaɗai na faɗa wa wannan, don ke ba za ki ce na yi butulci ba.

Kin ce za ki zo. Ki bari tukuna, Mama ta fi ni bukatarki, ita ciwonta ana ganinsa. Kada ki karanta mata wannan wasiƙar. In ta tambaya ki ce na warke, ba ƙarya kika yi ba, haka aka rubuta a takardata.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Auta