Tutar Baba a bakin gonar auduga

Zuwa ga mahaifina, Malam Abakar,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da gaisuwar ɗa ga uba, da fatan Allah Ya sanyaya makwancinka.

Ranar Juma'a da safe ina zaune wajen mai shayi a bakin hanyar Simsim, sai ga ƙaramin jirgin feshi, rawaya, ya bi ta kanmu ƙasa-ƙasa. Ka san yadda shekarun yaƙin nan suka mayar da mutane: kowa ya sunkuya, wani har ya zubar da kofinsa. Ni kuwa na miƙe tsaye, na tarar ƙafafuna suna ƙirga taku su kaɗai. Shi ya sa na zauna rubuta maka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu na tsaya.

Kana tuna ranar da muka tafi Fau kallon jirage? An ce za a kawo sababbin jiragen feshi a nuna wa manoma, kuma ruwa zalla za su zuba. A lokacin likita ya riga ya gaya mana cewa ɗan ganin da ya rage maka ba zai kai wata damina ba. Shekara ashirin ka yi kana riƙe wa jirage tuta a gonakin audugar Rahad, kana tsaye a ƙarshen layi don matuƙi ya san inda zai bi. Ka ce kana so ka ga guda ɗaya kusa kafin duhu ya rufe.

Yaya Usman ya ce mu hau bas. Ka ƙi. Ka ce duk shekarun nan manyan gona a mota suke zuwa kai kana cikin laka, wannan karon da motarka za ka je. Motarka kuwa ita ce Hajiya Sannu, wadda ta girme ni, ƙofarta ɗaure da waya, ba ta tashi sai an tura. Bayan sallar asuba na same ka kana shafa ta da tsumma, kana lalube da hannu inda ido bai kai ba. Maƙwabcinmu Malam Idrisa tela ya shiga baya da jarka biyu na ruwa, ya ce ya yafe wa kowa tun kafin mu tashi.

Ba mu yi nisa da Gadarif ba bel ɗin fanka ya tsinke. Na haɗa shi da igiya. Can gaba motar ta fara tafasa, tankin ruwan injin yana yoyo, ka sa na zuba masa garin barkonon da Inna ta ƙulla mana don cin ƙwai. Ya toshe ramin, amma muka yi ta atishawa har Malam Idrisa ya ce yanzu saura albasa mu sauke miya. Duk tsayawa sai ka tambaye ni ina rana ta kai, don ka san jiragen feshi ba sa tashi idan iska ta motsa. Ni kuma sai in rage maka kaɗan.

Mun bar kwalta, duwatsun Fau suna gabanmu, motar ta yi tari sau biyu ta mutu a bakin babbar hanyar ruwa. Na buɗe gaba, na taɓa duk abin da na sani. Adam mai tsaron ƙofar ruwa ya fito daga bukkarsa ya taya mu turawa, ko tari ba ta sake yi ba. Daga nesa ina hango jiragen kamar ƙudaje suna kewaya filin taron. Kai ƙararsu kawai kake ji. Baba, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na kawo ka har bakin abin, na kasa ƙarasa da kai.

Ba ka yi mini faɗa ba. Ka warware rawaninka, ka ɗaura shi a kan sandarka, ka ce in kai ka ƙarshen gonar audugar da ke gefenmu in juya fuskarka wajen duwatsu. Ka ɗaga tutar, ka sauke, ka ɗaga, ka sauke. Na tsaya bayanka ina kallo. Ya fi rabin sa'a. Sau biyu na so in karɓa, ka ce matuƙi yana gane hannun da ya iya.

Sai jirgi ɗaya ya ware daga sauran. Ya yi kwana mai faɗi, ya sauko har ƙafafunsa na neman taɓa audugar, ya miƙo kanmu. Ni na faɗi ƙasa, Malam Idrisa ya shige ƙarƙashin mota. Ruwa ya sauko mana kamar yayyafi. Da na ɗago, na gan ka a tsaye, fuskarka sama, ruwa yana bin gemunka.

Kafin in yi magana ka juya gefe ka fara ƙirga taku da ƙarfi, yadda ake auna layi na gaba. A na ashirin da biyu ka tsaya ka ɗaga tuta. Jirgin ya kewayo, ya bi daidai ta kanka, ba ta inda ya bi da farko ba. Ka sake ƙirgawa, ya sake zuwa. A karo na uku ya karkata fiffike dama da hagu, sannan ya koma wajen 'yan'uwansa.

A hanyar dawowa, wata babbar motar riɗi tana jan mu da sarƙa, ka gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ka ce mai tuta ba ya kallon jirgi. Da ya iso sai ka sunkuya ka rufe fuska saboda maganin, ka ji ya wuce ta bayanka. Shekara ashirin yana bi ta kanka, ba ka taɓa ɗaga ido ba. Ka ce: "Ashe cikinsa ma rawaya ne, Haruna. Har ƙusoshinsa na gani."

Wata biyu bayan nan ganinka ya ɗauke. Ban ji ka yi kuka da hakan ba ko sau ɗaya, har Allah Ya karɓi abinSa.

Hajiya Sannu tana nan a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Sandarka tana ɗakina. Yaya Usman, da bai bi mu ba, har yau cewa yake jirgin hanyarsa kawai ya bi, ni da kai muka ƙara gishiri. Ba na musu da shi, Baba. Kai ka koya mini tsayawa wuri ɗaya in jira.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya mayar maka da ganinka fiye da na da, Ya kai ka inda ba za ka sake sunkuyar da kai ba. Amin.

Ni ne ɗanka Haruna, da na gani da idona. Malam Idrisa ma ya gani, daga ƙarƙashin mota. Adam mai tsaron ƙofar ruwa ya gani, da matarsa Sitana, wadda ta fito da ƙullun wainar kisra a hannunta ta ƙirga takun tare da kai.