Motar Kai Baba Gida

Gilgit, watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Gulshad, a Warbin.

Ya Ali madad. Bayan wannan sallama tamu ta gida da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Direban jif ɗin da ke kawo muku gari na ba wannan takarda, in ta iso tana warin kananzir ki yi haƙuri.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Likita ya ja ni gefe ya ce ciwon Baba ya shiga ƙashin baya, abin da ya rage sai maganin rage zafi. Ban gaya masa ba, amma kin san Baba. Muna dawowa gida ya sha shayinsa mai gishiri, ya ajiye kofi, ya ce: "Aman, shekarun baya a gadon bayanku kuka sauko da ni kamar buhu. An ce hanyar da muka sara ta isa gari. Ka mayar da ni. Ba na so a binne ni cikin mutanen da ban san kakanninsu ba."

Matsalar ita ce yanzu ko zama ba ya iyawa, sai kwanciya. Jif ɗin da ke zuwa wajenku kuwa benci ne da girgiza, ba zai kai rabin hanya da rai ba. Saboda haka na sayi wata tsohuwar babbar jif da masu ita suka gaji da ita, Ustad Fida mai garejinmu ya ba ni wuri a baya. Zan cire kujeru in sa gado, in gyara ta yadda za ta bi dutse ba tare da ta jijjiga shi ba.

Sai dai ni ban taɓa ganin hanyar ba, jinya ta ɗaure ni. Duk direban da na tambaya sai ya ce Allah ne ke kai su. Ki faɗa mini yadda take.

Ƙaninki,
Aman

Warbin, watan Mayu

Aman,

Ya Ali madad, muna lafiya. Takardarka a bayan katangar gida na karanta ta, inda ba wanda zai ga fuskata. Na yi kukana na gama, yanzu sai magana.

Kai da ka kwance agogon Baba kana yaro, ka mayar da shi da ragowar ƙusoshi a tafin hannunka, yau kai ne za ka haɗa motar da za a sa Baba a ciki? To, Allah ya sa ka girma.

Hanya ka tambaya. Ni a ƙasa na bi ta, lokacin da na raka surukata babban titi. Aman, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Dutse ne a tsaye tun daga kogi har inda wuyanka zai gaji da kallo, sai ka hango wani siririn zare a jikinsa. Zaren nan shi ne hanyar. Kogin yana can ƙasa, ƙararsa kawai kake ji. Na tsaya ina tambayar kaina, wai mutanenmu ne suka yi wannan, su Kawu Mehrban da muke yi wa dariya saboda tumbinsa? Da guduma da ƙarfen sara da ɗan abin da gwamnati ta ba su na nakiya, suna rataye da igiya? Sai na ji kunyar duk ranar da na yi wa Baba mitar ya bar gona ya tafi fasa dutse.

Kowane yanki da sunansa, wanda ya ciyar da ma'aikata a wurin, sunan wani mamacinsa ake sa wa. Inda Baba ya yanka shanunsa aka ci, wurin da ciwo ya kayar da shi bai ƙarasa ba, sunan marigayiya Inna aka sa masa, Mashigar Bibi Nabat. Can dutsen ya yi wa hanya rumfa, na zauna a inuwar na ci gurasata.

Abin da zai dame ka ruwa ne. Akwai wurare biyu da babu gada. Da safe ya kawo mini ƙugu, da yamma kuwa ko sa zai tafi da shi. Duwatsun ciki wasu sun kai tunkiya. Ka ɗaga motar nan sosai, ka ji ko? Kada ka yi mata rowar tsayi.

Jibi mu mata za mu hau makiyaya da dabbobi, sai kaka. Masu kawo mana gishiri za su kawo mini takardarka. Ka sumbaci hannun Baba a madadina.

Yayarka,
Gulshad

Gilgit, watan Yuli

Yaya Gulshad,

Ina gaishe ki, ina gaishe da matan makiyaya, da fatan nono ya yi albarka. Maganar agogo kuwa, ai ya ci gaba da aiki, wannan ne kika manta.

Na ɗaga ta kamar yadda kika ce. Na sa ƙarafa a ƙarƙashin bodi, na kawo manyan tayoyi masu haƙora, har sai da na yanke bakin bodin don kada su riƙa goga. Ƙarƙashinta na rufe da farantin ƙarfe saboda duwatsunki masu kama da tumaki. Na jawo bututu daga inji ya hau ta gefen gilashi ya wuce rufi, ta yadda za ta shaƙi iska ko ruwa ya kai ƙofa. Sifirin, fallayen ƙarfen nan da ke tsakanin taya da bodi suna rage girgiza, shi ne ya jawo mini surutu. Kowa a gareji cewa yake in ƙara masa falle ya yi ƙarfi, ni kuwa ragewa na yi, don laushi nake nema. Gadon ma ban kafe shi ba, rataye shi na yi da tsofaffin tiyub na taya. Na ɗora kwanon madara a kai na bi duwatsun bakin kogi. Ranar farko ko ɗigo bai rage ba, Ustad Fida ya yi dariya har da riƙe ciki. Jiya bakin kwanon ne kawai ya jiƙe, Ustad ya zagaya motar yana shafa ta.

Mun ɗauko Baba zuwa ƙofa ya gan ta. Ya leƙa gadon ya ce wato haka zai bi hanyarsa yana kallon rufi, yadda ya yi a asibiti. Maganar ta tsaya mini a rai. Washegari na yanke rufin daidai fuskarsa na sa gilashin wata matacciyar bas.

Na gama motar, amma direbobi sun ce yanzu ƙanƙarar duwatsu na narkewa, ruwa ya haukace, ba mai ƙetarewa da mara lafiya. Sai sanyi ya fara zai janye. Baba kuwa kullum raguwa yake, matata Nasiba da ƙyar take samu ya sha romo. Ina tsoro, Yaya. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Aman

Makiyaya, watan Satumba

Aman,

Gaisuwa a gurguje, mai gishiri yana tsaye a kaina. Ya ce ya biyo ta gidanku ya ga Baba, da na tambaye shi yaya jikin sai ya kama kallon takalminsa.

Yau da safe rafin da ke gaban bukkarmu ya daskare a gefe-gefe. Ruwa ya janye ke nan. In ka tsaya jiran ya ƙara janyewa, dusar ƙanƙara za ta rufe hanyar, ka zauna da motarka mai taga a ka har baɗi, kuma ka san Baba ba shi da baɗi. Na san halinka, ba ka gama abu, kullum da sauran ƙusa ɗaya da za a ɗaure. Ka ajiye sifana ka taso.

Ni ba ni da ikon saukowa. Dabbobin gida uku ne a hannuna, kuma sai ranar da dattawa suka sa za mu kora gaba ɗaya. Raina a ɓace yake, ba da kai ba, amma kai ne kusa.

Gulshad

Warbin, watan Oktoba

Yaya,

Ya Ali madad. Ki duba sunan garin da na rubuta a sama kafin ki karanta sauran.

Da safe muka bar babban titi, Nasiba na zaune a gefen gadon. Ruwan farko ya kai ƙofa, motar ta ratsa shi ko tari ba ta yi ba. Na biyu ma haka. Kaina ya fara kumbura, har ina tsara abin da zan rubuto miki. Da muka shiga kwazazzabon kuwa kumburin kan ya sace. Kin faɗa mini, amma ban yarda ba sai da na gani. Tsoro da mamaki suka haɗe mini, ina ta cewa a raina ubana ne ya rataya a nan. Baba yana kallon sama ta gilashinsa yana kiran sunayen duwatsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida maƙwabta.

Bayan azahar muka iso Mashigar Bibi Nabat, sai na ji bututun ya bugi dutse. Na fito na duba. Yaya, rumfar da kika ci gurasa a ƙarƙashinta, daidai tsayin ƙananan jif aka sara ta. Motata ta fi ta da taƙi guda. Ke a ƙasa kika bi, ni ban tambaya ba, duk hankalinmu yana kan ruwa.

Baya ba ta komuwa, babu wurin juyawa. Goyo kuma bayan Baba ba zai ɗauka ba yanzu. Ga gajimare ya sauko kan duwatsu. Na kwance bututun, na sace iskar tayoyi har iyakar inda zan iya tafiya da su, na sake aunawa, saura kamar yatsa uku. Na zauna a bakin hanya, kunya ta rufe ni. Wata da watanni ina ɗaga mota, ashe tsayin ne zai tare ubana a ƙofar gida.

Ina nan zaune sai ga dattawan gari sun ɓullo ta ɗaya bakin, a ƙasa, da gurasa da man shanu, sun fito tarye. Kawu Mehrban ne a gaba. Ko kallon matsalata bai yi ba, ya raɓa ta gefe ya taka bayan motar ya shiga don ya sumbaci hannun Baba. Yana hawa na ga motar ta nutsa. Sifirin ɗin da na rage wa ƙarfi ne ya lotsa.

Na ce kowa ya hau. Tsofaffin nan suka cusa kansu kewaye da gadon, gwiwa a haɓa, wasu suka kwanta a kan bonet, wasu suka tsuguna a bamba, aka cika ƙarƙashin ƙafafunsu da duwatsu. Baba ya dubi Kawu ya ce: "Mehrban, ashe cin da ka yi wa shanuna bai tafi a banza ba." Kawu ya ce ai tun lokacin yake tanadin wannan rana.

Na sa ƙaramar giya muka shiga. Tayar hagu tana daidai bakin rami, rufi yana gogar dutse a hankali. Ban iya waiwayawa ba, don haka abin da zan faɗa miki da kunne na ji shi. Dariya ta ɗauke. Dutsen yana wucewa dab da gilashin, dab da fuskar Baba, da duk sawun ƙarfen sara a jikinsa. Na ji yana cewa wannan nasa ne, wannan ma nasa ne, ya san karkatar hannunsa. Can sai ya ce: "Nan na tsaya."

Motar ta ci gaba da rarrafe. Ya ce: "Daga nan ban san ta ba. Wa ya yi?"

Wata murya ta ce, "Ni." Muka ƙara gaba kaɗan, wata ta ce, "Nan ni ne." Wani ya ce nan na ƙaninsa ne, Allah ya jiƙansa. Haka suka yi ta miƙa masa dutsen hannu zuwa hannu har haske ya dawo. Da muka fito na tsayar da mota, ba wanda ya motsa. Tsofaffi cike da mota suna kuka ba sauti, ni ma na kifa kaina a sitiyari. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin daɗin zama ɗan garin nan haka ba.

Mun shiga gari kafin faɗuwar rana, mutane a kan rufin gidaje. Da gadon aka ɗauke shi har gefen murhu. Dusar ƙanƙara ta fara sauka muna sauke kaya. Jikin ya yi rauni ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Ya ce in kawo takarda, zai faɗa in rubuta, ga ta nan haɗe da wannan.

Ƙaninki,
Aman

Gulshad, 'yata,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Na iso. Ina ɗakina, na sha ruwan rafinmu.

Na san ki, kina karanta wannan za ki yar da sanda ki kamo hanya. Ban yarda ba. Dabbobin mutane ne a hannunki, ki sauko da su ranar da aka sa, a hankali, kada ko ɗaya ya karye.

In kin same ni a ɗaki, mu sha shayi. In ba ki same ni ba, ki zagaya ta bayan katangar gida, gefen kabarin mahaifiyarki. Ba nisa.

Mahaifinki,
Sifat Shah