Allahiya Mai Disasshiyar Murya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin surukarki? Ni dai da sauƙi, alhamdu lillahi. Wurin da aka yi mini aiki a maƙogwaro ya warke, muryar ce dai ta ƙi dawowa. In na yi sallama, sai maƙwabciyata ta leƙo tana neman namijin da ya shigo.

Wasan da kika rubuta ya iso gidan rediyonmu. A ɗakin hutu na karanta shi, kusa da butar shayin nan mai yoyo, na yi ta kuka har mai shara ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ke Auta, ba ki da dama!

Kin san shekara da shekaru ina fitowa a wasannin almara, kuma mata iri uku ne kawai a cikinsu: kyakkyawar da dodo ya sace tana jiran jarumi, uwar da ke kuka tana sa albarka, sai tsohuwar mayya. Na yi ta farko har na tsufa, na koma ta biyu. Ina dawowa daga asibiti darakta ya miƙo mini ta uku, wai ba magana da yawa, dariya ce kawai. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Sai ga ki da allahiyar kogi, a labari dai, kada malam ya ji mu. Ba kyakkyawa ba ce, ba mayya ba ce. Mace ce mai faɗa, mai mantuwa, wadda muryarta ta dishe wajen kiran ruwan da ya gudu ya bar mutanenta. Kada ki ce mini ba don ni kika yi ba, ni na goya ki.

Matsalar darakta ce. Ya ce masu sauraro ba za su yarda da allahiya mai muryar injin niƙa ba, yana so a gyara rubutun a ba sabuwar yarinyar nan mai zaƙin murya. Da ƙyar ya amince a gwada mu mu biyu. In ban ci ba zan ajiye aikin, don ba zan ƙare rayuwata ina dariyar mayu ba. Gaskiya tsoro nake ji. Ki sa ni a addu'a.

Ki gaishe mini da kowa.

Taki,
Yaya Babba

Auta tawa,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan duk kuna lafiya kamar yadda nake.

An yi gwajin. Yarinyar ce ta fara, kuma ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Da aka zo kaina na tsaya gaban makirfo, jar fitilar ɗauka ta kama, na fara. Na kai wurin da allahiya ke kiran ruwa, sai muryata ta yanke a tsakiya, iska kawai ke fita. Ban tsaya ba, na ci gaba da kira da ɗan abin da ya rage mini. Da na gama na ba da haƙuri, na roƙa a sake ɗauka. Yarinyar nan ta naɗe takardunta ta ajiye a gabana, idonta cike da hawaye. Darakta kuwa ya ce a bar shi yadda yake, kada a taɓa komai, ni zan fito a allahiya.

Auta, na gode. Ban san bakin da zan gode miki da shi ba. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a.

Amma ina da roƙo. Darakta ya nuna mini kashi na ƙarshe da kika aiko, na ga allahiya ta mutu don jarumin wasan ya fusata ya ci yaƙi. Haba Auta, har ke? Na mutu a rediyon nan ba adadi don wani namiji ya zare takobi. Wannan karon likita da kansa ya ce na warke, na tashi. Ki yage shafin nan, ki bar mini ita da ranta.

Ina jiran amsarki.

Taki har kullum,
Yaya Babba