Falon da Kuka Gani

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba, yana shan maganin kuwa? Yaya auta da makaranta? Ni lafiyata lau, aiki sai godiya.

Akwai maganar da ta hana ni sakat tun ranar Kirsimeti, da kuka kira ni ta bidiyo don Baba ya karanta mana labarin haihuwar Yesu yadda muka saba. Falon da kuka gani ba nawa ba ne, na tsohuwar da nake kula da ita ne. Tana barcin rana, sai na tuɓe rigar aiki na haye kujerarta. Ɗakina yana bayan kicin, kusa da injin wanki, gado ɗaya ya cika shi.

Kika ce, "Lallai 'yata, an zama manya," na yi dariya ban musa ba. Sai Baba ya kai wurin da aka kwantar da jaririn a komin dabbobi don babu wuri a masauki. Mama, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ubangiji bai ji kunyar inda ya kwana ba, ni kuwa na ɓoye wa uwata makwancina.

Ki yafe mini. Ki faɗa wa Baba da kanki, bakina ba zai iya ba.

Ran Lahadi zan kira daga ɗakina. In kun ji ƙara, injin wankin ne.

Allah ya kiyaye ku,
'Yarki