Sunanka a takardar taki

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali, ya zaman Legas? Ciwon ƙirjin nan ya sake ka? Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini girma.

Ranar Talata na je Gagarawa karɓar takin tallafin gwamnati, tun da gonar da sunanka aka rubuta ta. Da layi ya zo kaina, malamin da ke rabon takin ya ce, "Iya, sunan mai gona?" Na ce Baffa. Ya ce babu Baffa a takardarsa, sunan yanka yake so. Bakina ya ƙi buɗuwa. Wata mata a bayana ta ce, "Ɗan fari ne, ko yanka ta za ka yi ba za ta faɗa ba." Ya ce, "To Iya, kunya za ki zuba wa geron?" Aka yi ta dariya.

Sai na roƙi biro na rubuta masa. Ya duba ya same ka. Amma ya ce sai mai sunan ya zo ya dangwala yatsa kafin ƙarshen wata. Na hau babur na dawo hannu wofi.

Geron ya fara yin rawaya. Na san barin aiki da wuya, amma ka nemi izini. Ko takin ya ƙare kafin ka iso, ka zo.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Hauwa da yara.

Mahaifiyarka